Kwamfuta Ta Ƙi Shiga Domen: Wa Take Tambaya?

 

Shirin yau na masu ɗawainiya da kwamfutocin ofis ne: ma'aikacin sashen kwamfuta a asibiti ko ma'aikata, malamin da aka ɗora wa ɗakin kwamfuta na makaranta ba tare da an tambaye shi ko yana so ba, matashin da ke koyon aiki a cibiyar rubuta jarrabawa ta kwamfuta, da ɗalibin da aka turo horon sanin makamar aiki. Wanda ke kusa da biro da takarda ya jawo su, don akwai 'yan umarni da zan karanto, kuma kwamfuta ba ta yafe ko harafi ɗaya. Wanda ke tuƙi kuwa, don Allah ya bar rubutu, ya ba mu kunne kawai.

Ga matsalar. An kawo sabuwar kwamfuta ofis, an fito da ita daga kwali, an jona mata kebul. An buɗe burauza, shafuka na buɗewa, bidiyo na tafiya sumul. Sai aka zo shigar da ita domen na ofis. Aka rubuta sunan domen, aka danna, ta yi jim, sai ta fito da saƙo da Turanci, wai ba ta sami uwar garken da ke riƙe da wannan domen ba, a duba ko an rubuta sunan daidai. Aka duba, suna daidai yake. Daga nan sai a shiga kame-kame. Wannan ya kashe ya kunna, wancan ya canja kebul, wani ya ce bairos ne, ƙarshe a yanke hukuncin a yi mata fomatin a sake zuba Windows. A ɓata rabin yini, a dawo, saƙon nan yana nan daram inda aka bar shi. Galibi babu abin da ya sami kwamfutar. Tambaya ta yi, amma wanda ta tambaya bai san amsa ba.

Bari mu ɗan koma baya saboda wanda yau ya fara jin kalmar domen. A ofis mai kwamfutoci da yawa, ba a barin kowace ta zama da nata jerin ma'aikata da kalmomin sirri. Ana tara su wuri ɗaya, a uwar garke guda ko biyu, wadda ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci, da kowace kwamfuta, da dokokin da aka gindaya musu. Kamfanin Microsoft ya sa wa wannan tsari suna Active Directory, ya fito da shi tare da Windows 2000 a shekarar 2000. Uwar garken da ke ɗauke da shi ita ce ma'aikata ke kira DC a taƙaice. Shigar da kwamfuta domen yana nufin a buɗe mata rajista a wurin wannan uwar garke, ta yadda kowane ma'aikaci zai zauna a gabanta ya shiga da sunansa.

To kafin a buɗe rajista, dole kwamfuta ta gano inda uwar garken take. Kwamfutoci kuwa da lambobi suke kiran juna, irin su 192.168.1.10, mu ne muke wahala da sunaye. A farkon zamanin intanet, fayil guda ne ke ɗauke da sunan kowace na'ura da lambarta, ana ajiye shi a cibiyar bincike ta SRI a Kalifoniya, ƙarƙashin kulawar Elizabeth Feinler da ma'aikatanta, kowa ya riƙa sauke kwafinsa. Da na'urori suka yi yawa, fayil ɗaya ya gaza, sai Paul Mockapetris ya tsara DNS a 1983: na'urori masu amsa tambaya, ka ba su suna su ba ka lamba. Har gobe a kansa ake.

Yanzu a saurara da kyau, don nan ne gizo ke saƙar. Idan ka rubuta sunan domen, kwamfuta ba lambar wannan suna take nema ba kai tsaye. Tambayarta ita ce: wace na'ura ce ke aikin DC a wannan domen? Wannan tambaya tana da nau'in rajista nata na musamman a DNS, ana ce masa SRV. Mu ɗauka sunan domen ɗinmu ofis.example.com. Af, shi example.com suna ne da aka keɓe don misali, ba na kowa ba ne, kada wani ya je ya kafa ofishinsa a kansa. Kwamfuta za ta nemi rajistar SRV mai suna _ldap._tcp.dc._msdcs.ofis.example.com. Idan aka ba ta sunan uwar garke, sai ta yi tambaya ta biyu, ta nemi lambar wannan suna. Sai ta aika ɗan gajeren saƙo ta ƙofa mai lamba 389 ta ji ko uwar garken na raye. Sai bayan duk wannan za a zo maganar kalmar sirri.

Wa ya rubuta waɗannan rajistoci? Uwar garken ce da kanta. Akwai wata hidima a cikinta mai suna Netlogon da ke rubuta su a DNS na cikin ofis. Saboda haka DNS na cikin ofis kaɗai ya san da su. Na kamfanin da ke sayar muku da intanet bai sani ba, na Google bai sani ba, ƙaramar rautar da ke kan teburin sakatare ma ba ta sani ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne, amma da sharaɗin ya tambayi ɗan gari. Baƙo ne ya sauka a tasha yana neman gidan wani malami a cikin lungu. Direban babbar mota ya san hanyar Legas, ya san ta Agadas, ya san ta Maiduguri, amma wannan lungu bai taɓa jin sunansa ba. In da zai ce bai sani ba, da sauƙi. Sai ya ce wa baƙo, babu wannan gida a garin nan. Baƙo ya yarda, ya juya. Mai unguwa kuwa yana nan zaune a ƙofar gidansa, ba wanda ya tambaye shi. DNS na waje shi ne direban nan. Shi ya sa buɗewar shafukan intanet ba hujja ba ce ko kaɗan. Iyakar abin da take nunawa, akwai hanyar fita waje.

Saboda haka aikin farko, a gano wa kwamfutar take tambaya. A danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta cmd, baƙin allo zai buɗe. A rubuta ipconfig, a ba da tazara, a sa layi mai karkata, a rubuta all. Wato ipconfig /all. Rubutu zai zubo da yawa, kada ya ba ka tsoro, layi uku kawai muke nema a ƙarƙashin katin netwok da kebul ke jone da shi.

Na farko layin da ke nuna adireshin kwamfutar kanta. Idan ka ga ya fara da 169.254, tsaya nan, maganar DNS ba ta ma taso ba. Windows ce ta laƙa wa kanta wannan lamba saboda ta nemi a ba ta adireshi ba wanda ya kula ta. Ka duba kebul, ka duba suwic, ka duba ko mai raba adireshi na aiki. Na biyu layin da aka rubuta DNS Servers. Abin da ya kamata ka gani a nan shi ne lambar uwar garken ofis, a misalinmu 192.168.1.10. Idan ka ga 192.168.1.1, ko 192.168.8.1, irin lambobin da rauta da ƙananan na'urorin intanet na aljihu ke zuwa da su, ko ka ga 8.8.8.8, to ka kama ɓarawon. Na uku layin DHCP Server, wanda zai gaya maka wa ya ba kwamfutar waɗannan bayanai. Sau da yawa shi ne ke tona asirin yadda aka yi aka haihu a ragaya.

Ga yadda abin ke faruwa a irin ofisoshinmu. Uwar garke tana raba adireshi, tana gaya wa kowace kwamfuta cewa ni za ki riƙa tambaya. Sai wata rana intanet ya yi rauni, wani babba ya aika aka sayo rauta, aka soka ta a suwic. Ita ma daga kanti take zuwa da mai raba adireshi a kunne. Yanzu masu rabo sun zama biyu a gida ɗaya, kuma kwamfuta na karɓar na wanda ya riga amsawa. Ƙara da halin wutarmu. An ɗauke wuta, an tayar da janareta, komai ya kunnu lokaci guda. Rauta ta gama shiri nan da nan, uwar garke kuwa tana can tana duba faifanta, tana tayar da hidimominta ɗaya bayan ɗaya. Kafin ta farfaɗo, kwamfutocin ɗakin sun riga sun karɓi adireshi daga rauta, sun riƙe ta a matsayin DNS. Shi ya sa za ka ji ma'aikaci na rantsuwa cewa jiya ya shigar da kwamfuta biyar lafiya lau, yau ta shida ta ƙi. Bai yi ƙarya ba. Maganin, a kashe rabon adireshi a rauta. In kuma dole ita za ta raba, a shiga saitinta a sa ta riƙa ba da lambar uwar garke a matsayin DNS. Sannan a koma kan kwamfutar a rubuta ipconfig /release, a bi shi da ipconfig /renew, ta saki tsohon bayani ta karɓi sabo. Ita kuma uwar garke a ba ta lamba tsayayya da ba ta canjawa, a ɗora ta a kan batirin ajiyar wuta ko inbata.

Yanzu ga wata ɗabi'a da nake so in daɗe a kanta, don masu yin ta ba jahilai ba ne, ƙwararru ne masu kyakkyawar niyya. Windows ta ba da gurbi biyu na DNS, na farko da na madadi. Sai mutum ya sa uwar garke a na farko, ya sa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare a na biyu, yana cewa ko uwar garke ta mutu, aƙalla ma'aikata za su sami intanet. A ido dabara ce. A aikace tarko ne. Windows ba ta tambayar na farko sannan ta je ta ji ta bakin na biyu don ta gwama. Tana komawa ga na biyu ne idan na farko ya yi shiru ko ya yi jinkiri. Kuma idan wanda ta tambaya ya ce babu wannan suna, ta ɗauki wannan a matsayin cikakkiyar amsa, ba ta ƙara neman wani. To ka ga, ranar da uwar garke ta ɗan yi nauyi, tambaya ta faɗa hannun na waje, ya ce babu, kwamfuta ta rubuta ta ajiye. Irin wannan matsala ta fi kowace cin rai, don ba kullum take zuwa ba. Yau shiga ya yi jinkiri, gobe babban fayil na ofis ya ƙi buɗewa, jibi komai lafiya. Hidimar Google, wadda aka buɗe a 2009, da ta Cloudflare, wadda ta zo a 2018, ba su da laifi, aikinsu suke yi. Wurin zamansu ne aka kuskure. Wurinsu yana cikin saitin DNS na uwar garke, a shafin da ake kira Forwarders, inda ake gaya mata cewa duk sunan da ba na gida ba, ta miƙa wa waɗannan. Kwamfutocin ofis su tambayi uwar garke kaɗai, ita ta san wanda za ta tambaya a waje. Mai son madadi na gaskiya, ya kafa uwar garke ta biyu mai DNS, ya sa lambarta a gurbi na biyu.

Kafin mu bar wannan allo, a duba ko kwamfutar na jone da hanya biyu. Laftof da ke kan kebul na ofis kuma tana maƙale da intanet na wayar mai ita, tana da masu amsa tambaya biyu daga gida biyu. A kashe na waya, a gwada. Haka nan idan ka ga wata doguwar lamba mai haruffa da ɗigo bibbiyu a saman jerin DNS, irin mai farawa da fe80, wannan adireshin IPv6 ne, galibi rauta ce ta tallata kanta, kuma Windows kan fifita shi. A gyara a rauta. Kashe IPv6 ɗungurungum a kwamfuta ba shawarar Microsoft ba ce.

To an gyara, layin DNS ya nuna uwar garke, amma har yanzu ta ƙi. Sai mu yi tambayar da bakinmu, mu ji amsar da ake ba kwamfuta. Umarnin shi ne nslookup, tazara, karan ɗori, type, alamar daidai, SRV, tazara, sai dogon sunan nan. Zan maimaita shi a hankali: layin ƙasa ldap, ɗigo, layin ƙasa tcp, ɗigo, dc, ɗigo, layin ƙasa msdcs, ɗigo, sai sunan domen ɗinku cikakke. A rubuce: nslookup -type=SRV _ldap._tcp.dc._msdcs.ofis.example.com.

Idan lafiya, za ka ga 'yan layuka: fifiko 0, nauyi 100, ƙofa 389, sai sunan uwar garke, misali dc1.ofis.example.com, da lambarta a ƙasa. Ka dubi lambar nan da idon basira, ka tabbata ita ce ta yanzu. Idan a saman amsar ka ga an rubuta UnKnown a gurbin sunan mai amsawa, kada ka tayar da hankalinka. Rajistar juya lamba zuwa suna ce ba a kafa ba, kuma rashinta ba ya hana shiga domen. Mutane da yawa sun kwana suna farautar wannan kalma a banza.

Idan ba lafiya ba, amsar iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne rabin aikin. Ko dai a ce maka babu wannan suna, ko kuma a yi shiru har lokaci ya ƙare. A saƙon kuskuren da ya fito tun farko akwai maɓalli mai suna Details da kusan kowa ke tsallakewa. Danna shi. Lambar 0x0000232B na nufin an amsa, an ce babu. Lambar 0x000005B4 na nufin ba a amsa ba sam. Shiru na nuna hanya ce a toshe: uwar garke a kashe take, ko hidimar DNS ta tsaya, ko katangar tsaro ta rufe ƙofa ta 53, ko kuma kwamfutar na wani ɓangaren netwok da ba shi da hanyar zuwa can. Amsar babu kuwa na nuna ko dai an tambayi wanda bai dace ba, ko sunan da aka rubuta ba shi ne na domen ba, ko rajistocin ne babu su a uwar garken kanta. Akwai kuma saƙo na uku, mai cewa an sami sunayen uwayen garke amma ba a iya kai musu ba. Wannan yakan zama lambar da ke rubuce ta tsufa, ko wata uwar garke da aka daɗe da jefarwa a sito har yanzu sunanta na cikin rajista.

A nan zan ja kunnen masu dogaro da ping. Wasu ofisoshin sun sa wa domen na ciki suna iri ɗaya da na shafinsu na intanet. Ka yi ping na sunan, amsa ta dawo, ka ce ai suna na warwaruwa. Alhali lambar da ta dawo ta na'urar da ke ɗauke da shafin ce, wataƙila tana Turai ko Amurka. Ping ba ya duba SRV. Kuma kishiyar haka ma na faruwa: katangar tsaro ta hana ping, alhali duk sauran ƙofofi a buɗe suke.

Idan bincike ya nuna rajistocin ne babu, sai a tashi daga kan sabuwar kwamfuta a koma ɗakin uwar garke. Abin mamaki, cutar da ke damun 'ya'ya takan kama uwa: ita ma sai ka tarar an sa mata rauta a matsayin DNS, don haka Netlogon na ta ƙoƙarin rubuta rajista a inda ba za a karɓa ba. Idan ita kaɗai ce, ta sa kanta a matsayin DNS. Idan su biyu ne, kowace ta sa 'yar'uwarta a farko, kanta a biyu. Bayan gyara, a tsayar da Netlogon a sake tayar da ita, da net stop netlogon sannan net start netlogon, za ta sake rubuta komai. Umarnin dcdiag /test:dns zai duba lafiyar tsarin ya faɗi inda ke ciwo. A kuma lura da uwar garke mai katin netwok biyu, ɗaya na ciki ɗaya na waje, don takan rubuta lambobin biyu duka, rabin kwamfutoci su riƙa bin wadda ba ta kai su ko'ina.

Da ka gama gyara, ka koma kan kwamfutar ka rubuta ipconfig /flushdns. Windows na ajiye amsoshin da ta samu na ɗan lokaci, har da amsar babu. Shi nslookup ba ya duba wannan ma'ajiya, kai tsaye yake tambaya, don haka yana iya nuna maka komai ya gyaru alhali Windows na riƙe da tsohon labari. Sannan ka gwada nltest /dsgetdc: haɗe da sunan domen, ba tazara bayan ɗigo biyun. Wannan yana bin hanyar da Windows ke bi wajen neman uwar garke. In ya kawo suna da lamba, je ka shigar da kwamfutarka.

Akwai gajerun hanyoyi biyu da ake yawan bi, kuma ban goyi bayan ko ɗaya ba. Ta farko, a rubuta gajeren sunan domen, a ce OFIS kawai, maimakon cikakken. Wani lokaci yana yi, saboda Windows na komawa ga tsohon tsarin NetBIOS na zamanin Windows NT, mai sunaye da ba sa wuce haruffa 15, inda kwamfuta ke yin shela ga duk na'urorin da ke kusa. Shelar nan ba ta tsallake rauta, kuma ko ta yi nasara, ta rufe maka ciwon ne kawai. Kwamfuta ta shiga domen, amma dokokin ofis ba za su riƙa sauka a kanta yadda ya kamata ba. Ta biyu, a buɗe fayil ɗin hosts, jikan wancan fayil na SRI, wanda har yanzu yake cikin kowace Windows, a rubuta sunan uwar garke da lambarta da hannu. Fayil ɗin hosts suna da lamba kawai ya sani, ba shi da gurbin SRV. Kuma ranar da aka canja lambar uwar garke, wanda ya gaje ka zai sha wahalar gano dalilin da ya sa kwamfuta ɗaya tak ta bijire.

Wanda bai riga ya kafa domen ba, ga shawara tun kafin a zuba harsashi, don canja sunan domen daga baya aiki ne mai haɗari. Shekaru da dama an saba ƙare suna da .local. Daga baya, a 2013, aka keɓe wannan ƙarshe a hukumance ga wani tsarin neman suna na na'urorin da ke kusa da juna, wanda na'urorin Apple da Linux da yawa ke amfani da shi, don haka sukan rikice a irin wannan domen. Suna mai kalma ɗaya ba ɗigo ma matsala ne. Abin da ya fi, ku yi rajistar suna naku, a ƙarƙashin .ng da ƙungiyar NiRA ke kula da shi a Najeriya, ko .ne na Nijar, ko wani, sannan ku yanko reshe daga ciki ku ba domen na ofis.

Ba kowace ƙin shiga ba ce laifin DNS, kuma akwai alama mai sauƙi. Idan kwamfuta ta kai ga buɗe akwatin neman suna da kalmar sirri bayan ka rubuta cikakken sunan domen, to ta gano uwar garke, sai a nemi matsala a gaba. A duba agogo. Tsarin tantancewa na Kerberos, bisa saitin asali, ba ya lamuntar bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da uwar garke, kuma kwamfutocin gwanjo da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu sukan farka a wata shekara daban. A duba yankin lokaci ma, namu na Najeriya da Nijar awa ɗaya ne gaba da agogon GMT. Ma'aikaci na gama-gari kwamfuta 10 kawai aka yarje masa ya shigar, sai in an ƙara masa izini. Tun sabuntawar tsaro ta Oktoban 2022 kuma, Windows na iya ƙin sake amfani da rajistar wata tsohuwar kwamfuta mai suna iri ɗaya idan wani ne ya buɗe ta. Wadda kuma ke ɗauke da Windows nau'in Home ba ta shiga domen ko an kwana ana yi, sai an ɗaga ta zuwa Pro ko makamancinsa. Duk abin da ya faru yayin ƙoƙarin shiga, Windows na rubuta shi a fayil mai suna NetSetup.log, a cikin babban fayil na debug da ke ƙarƙashin Windows. A buɗe shi, a gangara ƙasa, a karanta daga ƙarshe.

Kirana na ƙarshe ga shugabannin ofisoshi ne, masu gidanmu. Ranku ya daɗe, idan za a sayo rauta ko wata na'urar intanet, a sanar da yaron da ke kula da kwamfutoci kafin a soka ta a bango. Ku kuma ma'aikata, ku sami takarda ɗaya ku rubuta cikakken sunan domen, da lambar uwar garke, da na'urar da aka yarda ta raba adireshi, ku manna a jikin ƙofar ɗakin uwar garke daga ciki, ban da kalmar sirri. Mai tambaya ya aiko mana da abin da layin DNS Servers ya nuna masa da lambar kuskuren da ya gani, za mu duba a shiri na gaba in Allah ya kai mu.